Sharhi Kan Wani Kwas na Koyon Neman Tallafi ga Ƙungiyoyin Sa-kai a Bauchi

Tun daga farkon shekarar 2025, lokacin da ƙofar tallafin Amurka ta soma rufewa, tallan kwasa-kwasan koyon neman tallafi ya yawaita a zaurukan WhatsApp na ma'aikatan ƙungiyoyi masu zaman kansu a Bauchi da Gombe, kuma kusan dukkansu alkawari guda suke yi, wato za su mayar da mutum gwanin rubuta takardar neman tallafi har ya riƙe abin a matsayin sana'a. Na halarci ɗaya daga cikinsu, wanda wata cibiyar horarwa da ke cikin garin Bauchi take gudanarwa a ranakun Asabar da Lahadi na kusan wata biyu, kuma kuɗin shigarsa ya kusa kai mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024, wato naira 70,000. Ba zan kama sunan cibiyar ba, domin zan faɗi inda ta gaza kamar yadda zan faɗi inda ta yi ƙoƙari, kuma abin da na gani a wurinta zai iya zama ma'auni ga duk wanda yake shirin biyan kuɗi a wata cibiyar mai irin wannan tsari. Ina aiki ne da wata ƙaramar ƙungiya mai kula da karatun yara mata a ƙauyukan Ganjuwa, saboda haka da idon mai buƙata na kalli kwas ɗin. Hukuncina a taƙaice shi ne cewa malaman sun iya koyar da takardu da lissafi ƙwarai da gaske, amma sun ɗauki neman tallafi tamkar rubuta wa baƙi takarda ne kawai, alhali kuwa wanda yake son ya daɗe a wannan sana'a a yankinmu yana buƙatar fiye da haka.

Game da wurin karatun ba ni da abin cewa mai yawa. Ɗakin yana da tsabta, akwai majigi da fanka, ana tayar da janareta idan an ɗauke wuta, ana fara darasi a kan lokaci, kuma ana tsayawa domin sallar Azahar da La'asar. Sai dai an ce kowa ya zo da kwamfutarsa, kuma ba a bayyana wannan sharaɗi a cikin talla ba, don haka waɗanda suka zo da waya kaɗai sun sha wahala a darussan lissafi. Wanda zai shiga ya tanadi kwamfuta ko ta aro ce, ya kuma tanadi kuɗin data, domin intanet ɗin cibiyar ba ta ɗaukar mutane da yawa a lokaci guda.

Darussan farko sun tsaya ne a kan takardun da ƙungiya take buƙata kafin ma ta buɗe baki ta nemi ko sisin kwabo, kuma a nan na fara ganin amfanin kuɗin da na biya. Malamar da ta ɗauki wannan ɓangare, wadda ta yi shekaru tana riƙe da ofishin kuɗi na wata ƙungiya, ta bi da mu dalla-dalla ta kan rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin amintattu, a ƙarƙashin Sashe na F na dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, tun daga zaɓen amintattun da rubuta kundin tsarin mulkin ƙungiya har zuwa buga sanarwa a jaridu da jiran kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ta nuna mana cewa rajistar ba ta ƙarewa da karɓar satifiket, domin akwai rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa hukumar, kuma ƙungiyoyi da yawa a nan suna sakaci da shi har sai ranar da mai ba da tallafi ya duba ya tarar ba su da tsabta a rajista. Daga nan ta shiga batun lambar haraji, da takardar SCUML, wato sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, wadda bankuna suka saba nema kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Ta kuma warware wata fahimta da ta yaɗu a tsakaninmu, cewa ƙungiyar sa-kai ba ta da wata hulɗa da haraji. Gaskiya ne ba a karɓar harajin riba a kan tallafin da aka ba ta, amma wajibi ne ta cire harajin albashin ma'aikatanta da na 'yan kwangilar da ta ba aiki, ta kuma miƙa shi inda ya dace, in ba haka ba mai binciken kuɗi zai kama ta da laifin da ba ta ma san ta yi ba.

Abin da ya burge ni a salon wannan malama shi ne ba ta tsaya a karanta jerin takardu ba. Ta sa kowa ya kawo na ƙungiyarsa, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna wa wannan cewa sunan da ke kan asusun banki ya bambanta da na satifiket, ta nuna wa wancan cewa mutum ɗaya ne yake sa hannu a fitar da kuɗi, abin da babu mai ba da tallafi na ƙwarai da zai amince da shi. Irin wannan dubawa ba a samun ta a bidiyo ko a littafi, kuma ita kaɗai ta isa ta raba ƙaramar ƙungiya da asarar damar da ta daɗe tana jira.

Ɓangaren kasafin kuɗi shi ne ƙashin bayan kwas ɗin, kuma shi ne wanda zan ba maki mafi yawa. Malamin ya fara ne da cewa masu tantance takardu sukan buɗe shafin kasafi kafin su karanta labarin aikin, domin a nan ake gane ko mai nema ya taɓa gudanar da aiki ko kuwa zato yake yi. Ya koya mana yadda ake fasa kowane aiki zuwa farashin guda, da adadi, da yawan lokuta, ta yadda idan ka ce za ka horar da malaman firamare a Misau, mai karatu zai ga kuɗin motar kowane malami, da abincinsa, da hayar ɗaki, da takardu, ba dunƙulallen adadi guda da babu wanda ya san daga inda ya fito ba. Ya bambanta mana kuɗin da ke tafiya kai tsaye a kan aiki da kuɗin gudanar da ofis, kamar haya da wuta da albashin akanta, ya kuma nuna cewa kowane mai ba da tallafi yana da iyakarsa. Tarayyar Turai ba ta saba wuce kashi 7 cikin ɗari na kuɗin aiki ba, ita kuwa gwamnatin Amurka ta daɗe tana ba ƙungiyoyin da ba su da yarjejeniya ta musamman kashi 10, kafin ta ɗaga shi zuwa kashi 15 a watan Oktoba na 2024. Yawancinmu mun saba jin kunyar saka kuɗin ofis a cikin kasafi, muna ganin kamar kwaɗayi ne, sai malamin ya nuna mana cewa ƙungiyar da ta ɓoye wannan kuɗi ita ce take ƙarewa da taɓa kuɗin aiki a asirce, kuma daga nan amana take fara lalacewa.

Ya kuma daɗe a kan matsalar da ta fi cin ƙungiyoyinmu a 'yan shekarun nan, wato sauyin farashi. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma bayan an saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yuni na 2023, sai ga ta ta haura 1,500 a farkon 2024. Litar fetur kuwa, wadda ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ƙungiyar da ta rubuta kasafin shekara biyu da naira kafin wannan lokaci ta tarar kuɗin zuwa ƙauye sau goma bai kai ta sau uku ba. Malamin ya koya mana yadda ake rubuta farashin canjin da aka yi amfani da shi da ranar da aka ɗauke shi, da yadda ake saka tanadin hauhawar farashi a shekara ta biyu, da yadda ake rubuta wa mai ba da tallafi a nemi izinin karkatar da kuɗi daga wani layi zuwa wani kafin a kashe, ba bayan an kashe ba. Duk wannan a kan Excel muka yi shi da hannunmu, kuma ya karɓi aikin kowa ya dawo da shi da gyara. Ban taɓa zama a wani horo da aka ɗauki lissafi da irin wannan muhimmanci ba, kuma ina ganin duk akantan ƙaramar ƙungiya zai amfana da waɗannan darussa ko da bai halarci sauran ba.

Darasin rubuta takardar neman tallafin kanta, wadda kowa yake kira furofozal, ya yi kyau amma bai kai na kasafi ba. An koyar da yadda ake bayyana matsala da hujja, da yadda ake tsara jadawalin manufa da sakamako, da bambancin abin da ka yi da abin da ya canza saboda ka yi shi. Shawarar da ta fi amfani ita ce a karanta sanarwar neman takardu da kyau kafin a ɗauki alƙalami, domin yawancin takardun da ake watsarwa ba rashin iya Turanci ne yake kayar da su ba, rashin cika sharaɗi ne. Misalin da aka kawo ya dace da mu sosai. Asusun Jinƙai na Najeriya, wanda OCHA, ofishin ayyukan jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya buɗe a 2017, an yi shi ne domin jihohin Borno da Adamawa da Yobe, saboda haka ƙungiyar da ba ta aiki sai a Bauchi ko Gombe tana ɓata lokacinta ne idan ta zuba masa ido, duk da cewa jihohin biyu suna cikin Arewa maso Gabas kuma sun karɓi 'yan gudun hijira masu yawa. Inda darasin ya yi rauni shi ne samfurin takardun da aka raba mana, waɗanda aka ce a riƙa cike gurbi a cikinsu. Na lura da cewa a ƙarshen kwas ɗin takardun mahalarta sun yi kama da juna ƙwarai, har jimlolin buɗewa iri ɗaya ne, kuma mai tantancewa da ya karanta irinsu da yawa zai gane cewa daga tushe guda suka fito.

Babbar damuwata kuwa ta fi wannan girma. Kusan duk misalan da aka yi amfani da su daga ayyukan USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, aka ɗauko su, kuma ban yi mamakin hakan ba, domin Bauchi tana cikin jihohin da wannan hukuma ta fi mayar da hankali a kansu shekara da shekaru. Shirin TSHIP na lafiyar mata da yara ya gudana a Bauchi da Sakkwato daga 2009 zuwa 2015, shirin ilimi na NEI Plus ya kawo tsarin koyon karatu na Mu Karanta a azuzuwan farko na firamare a jihohin biyu, sannan shirin State2State na inganta ayyukan gwamnatocin jihohi ya shafi Bauchi da Gombe tare. Yawancin ƙwararrun da muke da su a garin nan, har da malaman wannan kwas, a cikin waɗannan ayyuka suka koyi sana'ar. Amma a ranar 20 ga Janairu, 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, a watan Maris sakataren harkokin waje Marco Rubio ya sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen hukumar, kuma daga 1 ga Yuli na 2025 ta daina aiki a matsayinta na da. Birtaniya ma ta sanar a watan Fabrairu na 2025 cewa za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027. Ko kafin haka, alkawarin da manyan masu ba da tallafi suka ɗauka a taron Istanbul na 2016, cewa kashi 25 cikin ɗari na kuɗin jinƙai zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020, bai cika ba. Ba a ɓoye mana waɗannan abubuwa a aji ba, an ambace su, amma ba su canza komai a manhajar ba, sai aka ci gaba da horar da matasa a kan ƙa'idojin hukumar da ta riga ta rufe.

An dai taɓo gidauniyoyin cikin gida, kamar ta TY Danjuma mai tallafa wa ayyukan lafiya da ilimi, da ta Aliko Dangote, da kuma na waje masu ofis a Najeriya, kamar MacArthur a Abuja da Ford a Legas. Amma kuɗin da yake hannun jama'armu, wanda shi ne mafi kusa kuma mafi dorewa, yammaci guda kawai aka ba shi a cikin kwas ɗin gaba ɗaya, kuma a nan ne nake ganin cibiyar ta yi babbar asara. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mutanen Bauchi da Gombe ba baƙi ba ne a wajen bayarwa. Masallatai da makarantun Islamiyya nawa aka gina a Fadaman Mada da Yelwa da Tudun Wada ba tare da an rubuta wa kowa takarda da Turanci ba? Ƙungiyar Izala tana tattara fatun layya kowace shekara ta hanyar rassanta, tana sanar da abin da kowace jiha ta tara, kuma wannan tsari ne cikakke na neman tallafi mai lokaci sananne, da masu tattarawa, da gasa tsakanin rassa, da rahoto. Majami'u a Tafawa Ɓalewa da Billiri da Kaltungo suna gudanar da makarantu da asibitoci da baikon mabiyansu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna gyara azuzuwa, ƙungiyoyin ci gaban gari suna ƙaddamar da gidauniya a gaban sarki, 'yan kasuwar Muda Lawal da Wunti suna haɗa kuɗi idan gobara ta taɓa ɗan'uwansu. Kwas ɗin da yake son fitar da ƙwararru a wannan yanki ya kamata ya zauna ya nazarci waɗannan hanyoyi da irin natsuwar da ya nazarci fom ɗin baƙi.

Zakka da wakafi su ne misali mafi bayyana na abin da aka tsallake. Mai neman tallafi a nan yana buƙatar ya san cewa zakkar dukiya ɗaya bisa arba'in ce, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance ta ga rukuni takwas, saboda haka ba kowane aikin ƙungiya ne za a yi da ita ba. Malamai da yawa ba su yarda a gina aji ko a biya hayar ofis da kuɗin zakka ba, amma za a iya biya wa marainiya matalauciya kuɗin makaranta ko a ba mahaifiyarta jari. Wannan yana nufin ƙungiyar da take son karɓar zakka dole ta ware mata asusu dabam, ta riƙe sunayen waɗanda suka amfana, ta kuma samu malamin da jama'a suka yarda da shi ya duba yadda ake rabawa. Wakafi kuwa, wanda asalinsa ya koma ga irin gonar da Sayyidina Umar ya tsayar a Khaibar, shi ne ya fi dacewa da abin da ƙungiyoyi suke kuka da rashinsa, wato kuɗin shiga mai ɗorewa. Shago biyu ko gona guda da attajiri ya tsayar domin makarantar marayu za su riƙa biyan albashin malami bayan duk wani shiri na shekara uku ya tattara ya tafi. Yadda ake tunkarar Alhaji da irin wannan magana, da wanda ya kamata ya raka ka, da yadda ake rubuta takardar wakafin a gaban shaidu domin kada magada su tayar da rigima daga baya, duk ilimi ne da ake iya koyarwa, kuma babu ko ɗaya da aka koyar. Da wata mahalarciya ta tambayi malamin a kan haka, sai ya amsa da cewa wannan fagen malaman addini ne. Ina girmama taka-tsantsan ɗinsa, amma maganin abin shi ne cibiyar ta gayyato malamin fiƙihu ya ɗauki darasi, ba ta bar gurbin a buɗe ba.

Haka nan ba a ce komai ba game da riƙe mai bayarwa bayan ya bayar, wanda a ganina shi ne zuciyar sana'ar. Abin da ya sa attajiranmu da yawa suka ja baya daga ƙungiyoyi ba rowa ba ce, gajiya ce da bayar da kuɗin da ba a sake jin labarinsa. Rasit a ranar da aka karɓa, da kiran godiya, da hoton aikin bayan wata uku, da gayyatar mutum ya je ya gani da idonsa, da karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a, su ne suke sa wanda ya ba da dubu biyar bana ya ba da dubu hamsin baɗi. An ɗan yi magana a kan tara kuɗi ta intanet, aka gargaɗe mu cewa shafin tara gudummawa na GoFundMe ba ya biyan kuɗi zuwa asusun Najeriya, aka ambaci wasu hanyoyin karɓar kuɗi kamar GlobalGiving da Paystack, aka kuma ja kunnenmu kada a riƙa karɓar gudummawa ta asusun mutum ɗaya na OPay ko Moniepoint, domin ko mutumin mai gaskiya ne ya buɗe wa kansa ƙofar zargi. Gargaɗin daidai ne, sai dai gajere ne ƙwarai.

Akwai wuri guda da na saɓa da malaman kai tsaye. A darasin ƙarshe an ba masu son zama masu rubuta takardu na haya shawarar su riƙa yin yarjejeniya da ƙungiyoyi a kan wani kaso na duk tallafin da aka samu. Na san wannan al'ada ta kamasho ta yaɗu, kuma na san dalilinta, domin ƙaramar ƙungiya ba ta da kuɗin biyan marubuci tun kafin a ga sakamako. Amma ƙa'idojin ɗa'a na ƙungiyar ƙwararrun masu neman tallafi ta AFP sun hana karɓar lada bisa kaso, kuma manyan masu ba da tallafi ba su yarda a biya aikin da aka yi kafin sa hannu a yarjejeniya daga cikin kuɗinsu ba. Idan haka ne, daga ina kason zai fito? Zai fito ne daga rasit na ƙarya ko daga rage abin da aka yi wa jama'a alkawari, kuma matashin da ya fara sana'arsa da wannan ya ɗora ta a kan abin da zai rushe ta. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yi jinga a kan aikin rubutun, a biya ko an samu ko ba a samu ba, ko kuma a saka marubucin a cikin kasafi da wani aiki na gaskiya da zai yi idan tallafin ya fito. Abin ya dame ni ƙwarai, musamman da yake cibiyar da ta koya mana tsabtar lissafi a makonnin farko ita ce ta kawo wannan shawara a ƙarshe.

Game da alkawarin samun aiki, wanda shi ne ya jawo yawancin matasan da na gani a ajin, har da waɗanda suka gama jami'ar ATBU da kwalejin Tatari Ali da ke Bauchi ba da daɗewa ba, ya kamata a faɗi gaskiya. Satifiket ɗin da cibiyar take bayarwa shaidar halarta ce kawai, ba shaidar ƙwarewa da wata hukuma ta sani ba. Shaidar da aka sani a duniya a wannan fanni, wato CFRE, ba a ma zama jarrabawarta sai mutum ya yi aikin neman tallafi na shekara uku a cikin biyar da suka gabata, kuma wannan kaɗai ya nuna cewa aiki ne yake gaba da takarda. Ƙungiyoyi kaɗan ne a Bauchi ko Gombe suke da kujera ta musamman ta mai neman tallafi, domin galibi shugaban ƙungiya ne da jami'in shirye-shirye suke kwana a kan takardar. Manyan ƙungiyoyin da ke da irin wannan kujera suna Abuja ko Maiduguri, kuma abin da suke tambaya shi ne takardu nawa ka rubuta, nawa suka yi nasara, wa zai ba da shaida a kanka. Hanyar da na ga mutane suna bi har su kai can ita ce su fara da aikin sa-kai a ƙaramar ƙungiya, su koyi rubuta rahoto da tattara bayanai a ƙauye, su ci ƙaramin tallafi su kammala shi da lissafi mai tsabta, sannan su nemi wanda ya fi shi. Malaman sun san haka, sun kuma faɗe shi a aji da aka matsa musu da tambaya, amma tallan cibiyar bai faɗe shi ba, kuma bai dace a bar matashin da ya ranto kuɗin shiga ya gano hakan bayan ya biya ba.

Harshen koyarwa Turanci ne da ake sirkawa da Hausa idan an ga fuskoki sun canza, kuma takardun duk da Turanci suke. Wannan ya dace da rubuta wa baƙi, amma ya bar wasu shugabannin ƙungiyoyin mata da suka zo daga Azare da Dass a baya, alhali su ne suka fi kowa sanin jama'arsu a cikin ɗakin. Da an tanadi taƙaitaccen bayani da Hausa, da an kuma sa mahalarta su gwada gabatar da buƙatarsu da baki cikin minti biyar kamar a gaban hakimi ko shugaban 'yan kasuwa, da an ga ƙwarewar da waɗannan iyaye mata suke da ita, da kuma matasan sun koya daga gare su.

Bayan kammalawa an saka mu a wani zauren WhatsApp inda ake turo sanarwar neman takardu, kuma Hajiyar da ta koyar da rajista tana amsa tambayoyi a ciki da haƙuri, abin da ba ya cikin kuɗin da muka biya kuma ya cancanci yabo. Sanarwoyin kuwa ba a tace su, don haka sai mutum ya duba da kansa ko Najeriya tana ciki, ko wa'adin bai wuce ba.

Wanda yake riƙe da ƙungiya, ko yake aiki a ofishin kuɗinta ko na shirye-shiryenta, ina ba shi shawarar ya shiga, domin darussan rajista da kasafi za su mayar masa da kuɗinsa tun a takarda ta farko da zai rubuta. Wanda kuwa ya gama makaranta yana neman abin yi, kuma ba ya tare da kowace ƙungiya, gara ya riƙe kuɗinsa tukuna, ya fara da darussan kyauta da ke shafukan Kaya da DisasterReady, ya nemi ƙungiyar da zai yi wa aikin sa-kai na wasu watanni, sannan ya dawo da takardun gaske da zai ɗora karatun a kansu. Kafin kowa ya biya, a wannan cibiya ko a wata, ya nemi a nuna masa manhajar a rubuce, ya tambayi ko malaman za su duba aikinsa su dawo da shi da gyara, ya kuma tambayi darasi nawa aka ware wa zakka da wakafi da baiko da 'yan kasuwar gari. Na rubuta wa shugabannin cibiyar waɗannan abubuwa a takardar jin ra'ayi da suka raba mana, tare da roƙon su cire shawarar kamasho daga darasin ƙarshe kafin su ɗauki rukuni na gaba.